Shin Paparoma ma'asumi ne? Don Allah a warware mini

Rifkatu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya, ina kuma roƙon a amsa mini cikin lumana. A Katolika aka haife ni, a ciki na yi aure, amma jiya ƙanin mijina, wanda yake wata ɗarika dabam, ya yi mini maganar da ta ɗaure mini kai. Ya ce mu Katolika mun ce Paparoma ba ya kuskure, alhali Littafi Mai Tsarki ya ce duk 'yan Adam sun yi zunubi. Ya ƙara da cewa an yi paparoman da ya haifi 'ya'ya ba aure, an kuma yi wanda aka la'anta bayan mutuwarsa. Na rasa ta cewa. Abin ya tsaya mini a rai domin ina koya wa yara addini, in yaro ya jefo mini wannan tambayar gobe ban san abin da zan faɗa masa ba. Mene ne ainihin koyarwarmu?

Iliya:
Mama, kada ki bari ya ruɗe ki. Yesu da bakinsa ya ce wa Bitrus, kai ne Bitrus, a kan dutsen nan zan gina ikilisiyata, ya kuma ba shi mabuɗan Mulkin Sama. Matiyu 16:18-19. Paparoma magajin Bitrus ne, duk abin da ya faɗa Ruhu Mai Tsarki ne ya faɗa. Shi ke nan.

Katikis Ayuba:
Iliya ɗana, ayar da ka kawo daidai ce, amma jimlarka ta ƙarshe ba koyarwar Ikilisiya ba ce. Irin wannan maganar ma ita ke ba masu sukarmu sandar dukanmu.

'Yata Rifkatu, fara raba abu biyu da ƙanin mijinki ya cakuɗa. Rashin zunubi dabam, kariya daga kuskure a koyarwa dabam. Ba mu taɓa cewa Paparoma ba ya zunubi ba. Yana zuwa furta zunubansa wurin firist kamar yadda ni da ke muke zuwa. Wanda aka ce ya haifi 'ya'ya kuwa ba ƙage ba ne, Alexander na 6 ne, ya riƙe kujerar daga 1492 zuwa 1503, kuma masana tarihi na Katolika ba sa ɓoye halinsa.

Abin da aka ayyana a kan kariyar Paparoma daga kuskure a Majalisar Vatikan ta Ɗaya, wato babban taron bishop-bishop na duniya a Roma, ranar 18 ga Yuli 1870, yana da sharuɗɗa. Sai Paparoma ya yi magana a matsayin makiyayi kuma malamin dukan Kiristoci, da cikakken ikon da ya gada daga Bitrus, a kan abin da ya shafi bangaskiya ko ɗabi'a, ya kuma bayyana ƙarara cewa yana yanke magana ce wadda Ikilisiya duka za ta riƙe. Da Latin ana ce wa wannan ex cathedra, wato daga kan kujera. A nan ne muka gaskata Allah ba zai bar shi ya ɗora wa Ikilisiya ƙarya ba. Wa'azinsa na ranar Lahadi ba ya ciki. Hirarsa da 'yan jarida a jirgin sama ba ta ciki. Wanda ya naɗa bishop, ra'ayinsa a kan siyasa ko kimiyya, duk yana iya kuskure a cikinsu.

Rifkatu:
Baba, na gode. To sau nawa aka yi irin wannan magana ta kan kujera?

Katikis Ayuba:
Waɗanda kowa ya yarda da su ba musu guda biyu ne. A 1854 Pius na 9 ya ayyana cewa an ɗauki cikin Budurwa Maryamu ba tare da zunubin asali ba. A 1950 kuma Pius na 12 ya ayyana cewa an ɗauke ta zuwa sama jiki da ruhu. Ki lura, daga 1870 zuwa yau sau ɗaya tak ke nan. Kuma ba wayewar gari ya yi ya faɗa ba, tun 1946 ya rubuta wa bishop-bishop na duniya yana tambayarsu abin da su da jama'arsu suka gaskata. Masana suna ƙara wasu na dā a lissafin, amma waɗannan biyun su ne ba a gardama a kansu.

Dauda:
Baba Katikis, barka da ƙoƙari. Ni ba ɗan Katolika ba ne, kowa a nan ya sani, amma ba zagi ya kawo ni ba. Ka amsa rabin maganar ƙanin mijin Rifkatu, ka bar rabin da ya fi nauyi. Wanda aka la'anta fa? Honorius na Ɗaya, ya yi mulki daga 625 zuwa 638. Sergius, shugaban ikilisiyar Konstantinoful, ya rubuto masa a kan wata gardama, ya amsa da wasiƙa inda ya ce nufi ɗaya ne a cikin Almasihu. Babbar majalisar da aka yi a Konstantinoful a 680 zuwa 681, wadda ku da kanku kuke lissafawa ta shida, ta yanke cewa nufi biyu ne, na Allahntaka da na mutuntaka, ta kuma kira sunan Honorius cikin waɗanda ta la'anta. Wannan ba maganar mata ko dukiya ba ce, maganar koyarwa ce a kan Yesu kansa. Paparoma Leo na 2 ma ya tabbatar da hukuncin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba. Ina kariyar take a nan?

Iliya:
Ƙaryar maƙiya ce wannan.

Hannatu:
A'a Iliya, ba ƙarya ba ce. Ni 'yar Katolika ce kamar ka, kuma tarihi na karanta. Duk abin da Dauda ya faɗa haka yake. Musun abin da ke rubuce ba ya taimaka wa bangaskiyar kowa.

Amsar da malamanmu suke bayarwa ita ce Honorius wasiƙa ya rubuta wa mutum ɗaya, bai yanke wata koyarwa ya ɗora wa Ikilisiya duka ba. Hasali ma abin da ya nema shi ne a daina gardamar, a bar kaza cikin gashinta. Leo na 2 kuma da ya zo bayyana laifinsa, sakaci ya ɗora masa: wuta ta tashi, maimakon ya kashe ta sai ya bar ta ta ci. Don haka laifi ne babba, amma bai cika sharuɗɗan da Baba ya lissafa ba.

Dauda:
Hannatu, na ji daɗin gaskiyarki. Amma ga inda gizo ke saƙa. Yaushe aka rubuta sharuɗɗan? A 1870, sama da shekara 1,200 bayan Honorius, kuma waɗanda suka rubuta sun san da labarinsa sarai. Ni a ganina an yanka rigar ce daidai yadda za ta rufe tabon. Duk paparoman da aka kama da kuskure sai a ce ai ba daga kan kujera ya yi magana ba. Da wannan dabarar babu yadda za a yi a taɓa kama ku, kuma maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, mene ne amfaninta?

Hannatu:
Wannan tambayar ta daɗe tana cina, ba zan ɓoye ba. Gaskiya ne sun san da Honorius. Bishop Hefele na Rottenburg a Jamus, wanda a zamaninsa da wuya a sami wanda ya kai shi sanin tarihin majalisun Ikilisiya, yana cikin waɗanda suka tayar da maganar, har ya wallafa rubutu a kanta ana cikin majalisar. Kuma ba a yi taron cikin ruwan sanyi ba. A ƙuri'ar gwaji ta 13 ga Yuli, 451 suka ce sun yarda, 88 suka ce a'a, 62 suka ce sun yarda in an yi gyara. Kafin ranar ƙarshe bishop-bishop sama da 50 suka bar Roma don kada su ce a'a a gaban Paparoma. Shi ya sa ƙuri'ar ƙarshe ta fito 533 da 2, ɗaya daga cikin biyun Bishop Fitzgerald ne na Little Rock a Amurka. Bayan haka Döllinger, babban malamin tarihi a Munich, ya ƙi amincewa, aka fitar da shi daga tarayya a 1871, wasu kuma suka ware suka zama waɗanda ake kira Tsofaffin Katolika.

Amma abin da ya sa ban yarda da kai gaba ɗaya ba shi ne, bambancin nan tsakanin ra'ayin Paparoma da hukuncinsa ba a 1870 aka ƙirƙiro shi ba. Dubi John na 22. A 1331 ya yi wa'azi cewa rayukan tsarkaka ba sa ganin fuskar Allah sai bayan ranar shari'a. Malaman tauhidi na Paris suka ce masa ba haka ba ne. Ya ce shi bai yanke hukunci ba, ra'ayi ya bayar. Ya janye maganar yana kan gadon mutuwa a 1334, magajinsa Benedict na 12 kuma ya yanke akasinta a 1336. Ka ga mutanen wancan lokacin sun riga sun san cewa wa'azin Paparoma dabam, hukuncinsa dabam, shekara 500 kafin Vatikan ta Ɗaya.

Wani abu kuma, a 1870 akwai masu son a faɗaɗa abin ƙwarai, irin yadda Iliya ya faɗa a sama. Ba su samu ba. Tarihin su Honorius ne ya taka musu birki. Kai ka kira shi rufe tabo, ni kuma ina ganin majalisa ce ta ƙi faɗin abin da tarihi zai ƙaryata.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, ina bin muhawarar tun farko, ku yi mini izini in sa baki a kan kalma ɗaya. Ina ganin kalmar ma'asumi da 'yar'uwa Rifkatu ta sa a kan tambayarta ita ta kawo rabin ruɗanin. A wurinmu isma ta annabawa ce, kuma mutumin ne ake cewa ma'asumi. 'Yan Shi'a suna ƙara imamansu goma sha biyu. In na fahimci Baba Katikis, ku ba mutumin kuke cewa an kare ba, wani hukunci ne da yake yankewa a wani yanayi. To wannan bai dace da kalmar ma'asumi ba yadda Bahaushe ya san ta.

Abin da na ga ya fi kama da wani abu namu shi ne ijma'i. Akwai hadisin da malamai ke kafa hujja da shi cewa al'umma ba za ta haɗu a kan ɓata ba. Malami ɗaya kuwa, kome girmansa, ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, kamar yadda aka ruwaito daga Imam Malik. Shin kuna da irin wannan, ko komai yana hannun mutum ɗaya ne?

Fada Markus:
Salama gare ku duka. Malam Sani, ka taɓo jijiyar maganar, na gode. Muna da shi, kuma shi ne ma tushen. Nassin 1870 kansa cewa ya yi Paparoma a wannan yanayin yana da kariyar da Almasihu ya so Ikilisiyarsa ta kasance da ita. Ashe kariyar ta Ikilisiya ce tun asali, ba kayan mutum ɗaya ba. Sai dai majalisar ba ta gama aikinta ba. Washegarin ƙuri'ar yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia, a watan Satumba sojojin Italiya suka shiga Roma, aka dakatar da zaman. An yi maganar Paparoma, ba a kai ga ta bishop-bishop da ta jama'a ba. Kusan shekara ɗari hoton yana karkace.

Majalisar Vatikan ta Biyu, 1962 zuwa 1965, ita ta cike gurbin. A takardarta ta Lumen Gentium ta 1964, sashe na 12 ya ce jama'ar masu bi gaba ɗayansu, daga bishop-bishop har zuwa na ƙarshe cikin 'yan ikilisiya, ba za su yi kuskure a bangaskiya ba idan suka haɗu a kan abu ɗaya. Sashe na 25 ya ce bishop ɗaya yana iya kuskure, amma idan dukansu, suna tarayya da magajin Bitrus, suka haɗu a kan cewa wata koyarwa tabbatacciya ce, ko suna warwatse a duniya ko suna zaune a majalisa, to an kare su. Yawancin abin da muka gaskata ta wannan hanyar ya zo mana. Ba wani Paparoma da ya hau kujera ya ayyana cewa Yesu ya tashi daga matattu, ba a taɓa bukatar haka ba.

Inda muka rabu da ijma'i yadda ka bayyana shi, Malam, shi ne majalisar 1870 ta ce hukuncin Paparoma na kan kujera ba ya jiran sai Ikilisiya ta sa hannu daga baya kafin ya tabbata. Wannan ne 'yan'uwanmu na Otodoks suka ƙi, har yau kuma suna ƙi.

Ina so in ƙara wa Rifkatu abu ɗaya da zai taimake ta da yara. Kariyar nan ba wahayi ba ce. Ba a saukar wa Paparoma sabon abu. Majalisar 1870 ta faɗa a fili cewa ba a yi wa magadan Bitrus alkawarin Ruhu Mai Tsarki don su fito da sabuwar koyarwa ba, sai don su tsare abin da manzanni suka bari, su bayyana shi da aminci. Vatikan ta Biyu ta ƙara da cewa masu koyarwa ba sa bisa Maganar Allah, bayinta ne. Kamar katangar bakin rijiya ce: tana hana faɗawa, amma ba ta ɗebo wa kowa ruwa. Paparoma yana iya yin shiru lokacin da ya kamata ya yi magana, yana iya faɗin gaskiya da kalmomin da ba su fi dacewa ba. Alkawarin bai hana wannan ba.

Dauda:
Fada, barka da zuwa. Bari in koma Littafi Mai Tsarki, don a nan nake tsaye. A Galatiyawa 2 Bulus ya ce ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya domin ya yi laifi. A Ayyukan Manzanni 15 kuma, a taron Urushalima, Yakubu ne ya rufe maganar, wasiƙar ta fita da sunan manzanni da dattawa. Mutanen Biriya an yabe su domin suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. To me ya sa ni ba zan yi haka ba? Sannan wa ya ce majalisar 1870 ba ta yi kuskure ba? Ikilisiya ce ta ce Ikilisiya ba ta kuskure. Mai shari'a ne yake ba kansa shaida.

Fada Markus:
A Antakiya halin Bitrus Bulus ya tsauta wa. Bitrus ya riga ya koyar cewa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun sami shiga, shi ya ba da umarni a yi wa Karniliyus baftisma, sai ya ji tsoron mutane ya janye daga cin abinci da su. Ya saɓa wa koyarwarsa da aikinsa. Wannan ayar ma tana koya mana cewa ana iya tsauta wa Paparoma, kuma tsarkaka sun yi. Katarina ta Siena ta rubuta wa Gregory na 11 da kakkausar murya ya bar Avignon, wani gari a ƙasar Faransa ta yau inda paparomomi suke zaune a lokacin, ya koma Roma, ya kuwa koma a 1377.

Taron Urushalima kuwa ina ganin mu ya fi taimaka wa. Gardama ta tashi a kan kaciya, kowane ɓangare yana da ayoyinsa. Ba a ce kowa ya koma gida ya karanta ya bi abin da ya fahimta ba. An zauna, an yanke, aka rubuta cewa Ruhu Mai Tsarki da mu mun ga ya kyautu. Wannan muryar ita muke cewa ba ta mutu da manzanni ba.

Maganar mai shari'a da shaidar kansa, tambaya ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Amma ɗan'uwa, kai ma kana da irinta. Littattafai 27 na Sabon Alkawari, babu ayar da ta jera su. Jerin da ya yi daidai da namu na yau ya fara bayyana ne a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, ta 367, majalisun Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka bi. In Ikilisiya tana iya ɓata a babban abu irin wannan, da me ka tabbata ba ta ɓata a nan ba?

Dauda:
Ikilisiya ba ta ba littattafan iko ba, Fada, ta gane su ne kawai, yadda tumaki ke gane muryar makiyayi. Allah yana iya bi da mutane masu kuskure su kai ga gaskiya ba tare da ya ba su takardar cewa ba za su taɓa kuskure ba. Isra'ila ta riƙe Attaura da Annabawa, shugabanninta kuma sun sha ɓata.

Fada Markus:
Na yarda ta gane su ne. Tambayata ita ce ko wannan ganewar abin dogara ce har abada, ko wata rana ana iya sake zama a cire Wasiƙar Yakubu ko Ru'ya ta Yohanna. In ka ce ba za a iya ba, to ka yarda da kariya aƙalla sau ɗaya. A nan dai na san ba za mu gama yau ba.

Hannatu:
Fada, ka yi haƙuri, ni damuwata ba ta Dauda ba ce. Ni hukunci biyu na kan kujera ba sa hana ni barci. Abin da ke damuna shi ne sauran koyarwar, wadda ba a ce an kare ta ba amma aka ce mu bi. A 1452 Paparoma Nicholas na 5 ya ba sarkin Fotugal takarda da ta halatta masa ya mayar da waɗanda ba Kirista ba bayi na har abada. Mutanen da aka kama a gaɓar Afirka aka loda a jiragen ruwa, ba wanda ya zo ya gaya musu cewa wannan ba daga kan kujera ba ne. Galileo, masanin taurarin da ya ce duniya ce ke zagaya rana, a 1633 an sa shi ya janye gaskiya. Hukuncin kisa, Katekizim na 1992 ya bar ƙofarsa a buɗe, a 2018 Paparoma Francis ya canja sashe na 2267 ya ce ba abin yarda ba ne. To ni da nake zaune a benci, yaya zan san wadda za ta tsaya da wadda jikokina za su ji an canja? In da ina raye a 1452, biyayya za a ce in yi?

Iliya:
Anti Hannatu, wannan maganar ba ta gaban mutane ba ce.

Fada Markus:
Bar ta, Iliya. Tambayar mai bi ce, kuma ta fi duk na baya wuya.

Hannatu, ba zan wanke takardar 1452 ba. Mugun abu ne, mutane sun mutu a ƙarƙashinta. Cewa ba hukuncin kan kujera ba ne gaskiya ne, amma ba ya share hawayen kowa. Paul na 3 a 1537 ya hana bautar da mutanen asalin nahiyar Amurka, Gregory na 16 a 1839 ya la'anci cinikin bayi, John Paul na 2 ya je tsibirin Gorée a Senegal a 1992 ya roƙi gafara, a 2023 kuma Vatikan ta fito ta ce waɗancan takardu ba su mutunta darajar mutanen da suka shafa ba. Duk wannan ya zo, amma ya zo a makare ga waɗanda aka riga aka sayar.

A kan yadda za ki gane, dokar Ikilisiya ta 1983 tana da ƙa'ida a lamba 749: ba a ɗaukar wata koyarwa a matsayin wadda aka yanke ba kuskure sai in hakan ya bayyana a fili. Nauyin hujja yana kan mai cewa an yanke. Abin da ke cikin Ƙa'idar Bangaskiya da muke faɗa kowace Lahadi, da abin da manyan majalisu suka yanke, Triniti, Allahntakar Almasihu da mutuntakarsa, Yukarist, waɗannan ba za su motsa ba. Ƙasa da su akwai koyarwar yau da kullum. Ita ana bin mu bashin ladabi da sauraro na gaske, da zuciyar da ke son ta karɓa, domin galibi gaskiya ce kuma masu faɗinta an ba su aikin kiwo. Amma ba mu rantse cewa ba za a taɓa gyara ta ba. Ƙasa da wannan kuma akwai umarni na mulki da siyasa, kuma a nan takardar 1452 take. Babu Paparoman da yake da ikon sa ki yi zunubi. In da kina raye a lokacin, aka ce ki kama mutum ki sayar, ƙin yi shi ne daidai.

Ban ce layin kullum a bayyane yake ba. Maganar naɗa mata firist misali ce. John Paul na 2 ya rufe ta a 1994, ofishin koyarwa na Vatikan ya ce a 1995 tabbatacciya ce ta hanyar koyarwar bishop-bishop na dukan zamanai, ba don wasiƙar ta zama hukuncin kan kujera ba. Ni na karɓa. Amma na san akwai malaman da suka yi ta tambaya yadda ake tabbatar da irin wannan haɗuwar baki. Hukuncin kisa ma akwai 'yan Katolika masu ilimi da suke ganin canjin 2018 ya wuce bunƙasar koyarwa. Ni ina ganin tushen bai canja ba, wato darajar ran mutum da haƙƙin al'umma ta kare kanta, abin da ya canja shi ne hukuncin ko kisa yana da wuri a yau. Sai dai ba zan ce wa mai jin nauyin abin ba shi da hankali ba.

Hannatu:
Na gode, Fada. Ban ce zuciyata ta kwanta duka ba. Har yanzu ina ganin talaka mai bi ba shi da lokacin rarrabe hawa uku, abin da aka faɗa masa daga bagade shi yake ɗauka duka da nauyi ɗaya. Wannan nauyin a kanku yake, ku masu wa'azi, ku riƙa faɗa mana wanne ne wanne.

Fada Markus:
Haka ne, kuma ba kullum muke yi ba. Na karɓi wannan.

Malam Sani:
Na ƙaru ƙwarai. Ban yarda da tushen ba, kun sani, amma daga yau ba zan ƙara cewa Katolika sun ɗauki Paparoma ma'asumi ba, don na ga ba haka kuka ce ba.

Dauda:
Ni ma zan daina kawo maganar Alexander na 6, na ga ba ta taɓa abin da kuke faɗa. Honorius kuwa ina nan a kan bakana. Majalisar ba ta ce masa mai sakaci kawai ba, ta haɗa sunansa da masu karkatacciyar koyarwa, kuma bishop-bishop ɗin da suka yi hakan ba su nuna alamar suna ganin abu ne da ba zai yiwu ba.

Hannatu:
Wannan gaskiya ne, Dauda, kalmar majalisar ta fi ta Leo zafi. Amma ka karanta zaman gaba ɗaya. Majalisar da ta la'anci Honorius ita ce kuma ta karɓi wasiƙar Paparoma Agato da hannu biyu, wadda a cikinta yake cewa ikilisiyar Roma ba ta taɓa bauɗewa daga koyarwar manzanni ba. Mutane ɗaya ne suka yi duka biyun, a majalisa ɗaya.

Rifkatu:
Allah ya saka wa kowa. Baba Katikis, Fada, ga abin da na rubuta zan faɗa wa yaran, ku duba mini: Paparoma mutum ne, yana zunubi, yana kuma iya kuskure. Amma Yesu ya yi wa Bitrus addu'a kada bangaskiyarsa ta fāɗi, ya kuma yi alkawari Ruhu zai bi da Ikilisiya cikin gaskiya, saboda haka idan Ikilisiya ta yanke magana ta ƙarshe a kan bangaskiya, ta bakin majalisa ko ta bakin Paparoma, Allah ba zai bari ta zama ƙarya ba. Ya yi?

Katikis Ayuba:
Ya yi, 'yata. Ki ƙara "da ɗabi'a" bayan bangaskiya, ki kuma sa musu ayoyin su nema da hannunsu: Luka 22:32 da Yohanna 16:13. Manyan cikinsu ki ba su labarin Honorius da kanki, kada su fara jinsa a bakin wani.